Daga Wuri zuwa Jikka: Tarihin Lissafi a Hanyar Katsina da Maraɗi



Akwai wata magana da ta zauna bakinmu tun daga koleji har jami'a: "Ni kaina ba ya ɗaukar mat." Amma wanda ya faɗe ta, in ka aike shi kasuwa da jikka biyu ya sawo shinkafa ta ɗari da hamsin da mai na tamanin, zai kawo maka canjin ɗari da saba'in cif, bai taɓa bik ba. Ƙarfen da ke hannunshi an buga 100 a kai, bakinshi na cewa dala ashirin. Ke nan duk sayen da ya yi sai ya raba da biyar ko ya ninka da biyar, shi ko bai san ya yi ba. In ya tsallaka Ɗan Isa ya shiga Jibiya, wani lissafin na jiran shi, can ma ba ya ɓata.

Wanga rubutu bin sawu ne. Ina so mu duba inda wagga ƙidaya ta fito, mu ga yadda lissafin kasuwa da lissafin zauren malamai suka tashi gari guda, zamani guda, da yadda iyakar Nasara ta raba kalmomin kuɗɗi gida biyu.

Wuri ya shigo

Kalmar kuɗɗi kanta jam'i ce, tilonta wuri. Shi ya sa har gobe wanda aljihunshi ya bushe yake cewa ba shi da ko wuri. Wurin nan kuwa ba ɗan ƙasa ba ne. Ɓawon wata ƴar halittar ruwa ne da ake kwasowa a tsibiran Maldib, cikin tekun Indiya. Littafin Tarihin Kano ya ce wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Kafin nan ana ciniki da ƙyallayen saƙi da gishiri da musayar kaya, manyan fatake kuma suna auna zinariya da miskali.

Wuri ya canza kasuwa don da shi ana iya sayen abu ƙarami: goro ɗaya, ƙosai biyu, ludayin fura. Amma ya zo da wahalarshi. Abin da ke sayen ƙosai, in za a sayi doki da shi sai an tara dubbai. Dole mutane suka koyi riƙe manyan lambobi da ka.

A wancan ƙarni Birnin Katsina na cikin ganiyarshi. Ayarin raƙuma na fita ta Agadas zuwa Gat da Gadamas da Tarabulus, fataken goro na bin hanyar Gwanja. Raƙumin da ya ɗauko alharini da takobi shi ke ɗauko takarda da littattafai. Garin da Ɗan Marina da Ɗan Masani suka yi karatu da karantarwa a ƙarni na 17 bai rasa masu sayen littafi ba.

Malamin Katsina da hatimi

Cikin waɗannan shekaru da wuri ke shigowa, wani malami na tasowa a ƙasar Katsina. Sunanshi Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani. Littattafan Larabci na kiran shi al-Fulani al-Kashnawi, wato Bakatsine. Wajejen 1730 ya tafi aikin hajji, bai komo ba. A 1732 ya rubuta littafi mai suna Bahjatul Afaƙ a kan ilimin haruffa da aufaƙ, abin da mu muka sani da hatimi. Ya rasu a Alƙahira a 1741, gidan abokinshi Hasan al-Jabarti. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne shahararren marubucin tarihin Masar, kuma ya sa labarin Bakatsinen cikin littafinshi.

Mi ne ne hatimi in an ɗauke shi ta fuskar lamba? Fili ne mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida, tsaye da kwance daidai wa daida. Ana zuba lambobi, kowace sau ɗaya, yadda duk layin da ka tara, na kwance ko na tsaye ko wanda ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya zai ba ka. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

Ko ta ina ka bi, 15 ne. Malamanmu kan rubuta shi da baƙaƙen Larabci, don kowane baƙi na da lambarshi. Kusurwoyin huɗu su ne ba (2), dal (4), wau (6) da ha (8), daga nan sunan "buduhu" ya fito.

Bakatsinen ba shi ya ƙago hatimi ba. Ƴan Sin sun san mai gida uku tun da daɗewa, ƙungiyar Ikhwanus Safa ta Basra ta yi rubutu a kai a ƙarni na 10, al-Buni ya faɗaɗa a ƙarni na 13. Abin da malaminmu ya yi shi ne bayyana hanyoyin cika hatimi mai gida wutiri, wato uku, biyar, bakwai, tara, har abin da ya yi sama. Shafa'i da wutiri kalmomi ne da muka sani a salla, kuma su ne lamba mai rabuwa biyu daidai da wadda ke barin saura ɗaya. Ya yi aikin ne cikin ilimin asirai na zamaninshi. Amfani da hatimi wajen laya da rubutun sha kuwa magana ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, mu bar masu. Tsarin lambobin dai kowa na iya gwada shi da gawayi a bango.

Ga wata sananniyar hanya ta cika hatimin wutiri. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan kowace lamba ta hau gida ɗaya sama, ta gusa gida ɗaya dama. In ta fita ta sama, sai ta shigo ta ƙasa. In ta fita ta dama, ta shigo ta hagu. In ta tarar da gidan da mai shi, sai ta sauka ƙarƙashin lambar da aka gama rubutawa. Gwada, za ka samu hatimin da ke sama. Wannan fita ta nan a shigo ta can shi ne lissafin kewaye, irin wanda muke yi in muka ce yau Litinin, kwana goma masu zuwa Alhamis. Bajamushe Gauss ya tsara ƙa'idodinshi a 1801, kuma yau da shi ake kulle saƙonnin wayoyinmu.

Don mi biyar ke tsakiya?

Nan ne lissafin zaure ya rabu da na kasuwa. Ɗan kasuwa in amsa ta fito daidai ya gama. Malamin lissafi sai ya ce: don mi? Ko ana iya wani hatimin mai gida uku da 4 ko 7 a tsakiya? Bari mu warware ta da Hausa.

In ka tara 1 zuwa 9 ka samu 45. Layukan kwance uku ne, kuma jimlarsu ɗaya, saboda haka kowane 15 ne. To, layuka nawa ke ratsa gidan tsakiya? Huɗu: na kwance ɗaya, na tsaye ɗaya, na kusurwa biyu. In ka tara su duka, 15 sau 4, ka samu 60. Cikin wannan tarawa kowane gida na gefe ya shigo sau ɗaya, gidan tsakiya ya shigo sau huɗu. Ke nan 60 ɗin nan ita ce 45 ta dukan gidaje, da ƙarin lambar tsakiya sau uku. Ɗebe 45 daga 60, saura 15. Lambar da za a ninka sau uku ta ba da 15 ita ce 5, babu wata.

Ba mu gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba, amma mun rufe ƙofa ga duk wanda zai zo gobe ya ce ya samo wani. Wannan ake kira hujja, ita ce zuciyar tsantsar lissafi, wanda ake yi don sanin gaskiyar lamba ko da ba za a sayi komi da shi ba. Kun kuma ga ba mu ari kalmar Faransanci ko ɗaya ba.

Kada a ɗauka wasan yara ne da aka gama da shi. Hatimi mai gida uku iri ɗaya ne tak, in ba a lissafa juya shi da kifa shi ba. Mai gida huɗu iri 880 ne, Bafaranshe Frénicle ya jera su, aka buga a 1693. Mai gida biyar sai da kwamfuta ta zo, a 1973 aka samu 275,305,224. Mai gida shida ya haura biliyan sau biliyan 17. Akwai kuma tambayar da har yau ta gagari masana. Ɗauki lambobin da aka ninka da kansu, irin 1, 4, 9, 16, 25. Ana iya cika hatimi mai gida uku da irinsu guda tara, kowace daban? Euler ya gina mai gida huɗu a 1770. Mai gida uku kuwa, tun da aka jefa tambayar a 1984, ba wanda ya samo shi, ba kuma wanda ya kawo hujjar cewa ba ya yiwuwa. Kwamfutoci sun bi lambobi masu ɗimbin yawa ba su ci karo da shi ba, amma rashin gani ba hujja ba ne. Fili mai gida tara, irin wanda ke cikin kundin kakanninmu, yana nan yana jiran mai shi.

Ƙidayar wuri a Tasawa

Mu komo ga tarihi. A 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da aka tuɓe ya yi arewa, wajejen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ƙarnin nan duka an sha yaƙi tsakanin Maraɗi da ƙasashen Sakkwato. Kano ta karɓe kasuwa daga Katsina, ayarin arewa ya koma bi ta Tasawa da Damagaram. Sarakuna na faɗa, fatake na wucewa.

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kanshi suna Abdulkarim, ya sauka Tasawa. Ya ga ana ƙidayar wuri 500,000, ya rubuta yadda aka yi. Mutum biyar ko shida suka taru a kai. Ba a zura wuri a zare kamar yadda ake yi bakin teku, a warwatse yake. Ana jan shi biyar-biyar da yatsu. Ashirin ita ce hauya, hauya goma tsibi ne na 200, tsibi biyar 1,000. Sarakuna na ɗinke 20,000 cikin jakar kaba, amma ba mai karɓar jakar sai ya zazzage ya ƙidaya da kanshi. A Kano cikin shekarar nan, azurfa ɗaya ta dala tana kan wuri 2,500. Ke nan jaka 25 da mutum shida suka sha wahala a kansu, dala 200 ce kacal, abin da mutum zai rataya a kafaɗa.

Harshe ya ajiye sawun wannan zamani. Ɗaya zuwa goma namu ne. Tsohuwar Hausa na cewa gomiya biyu, gomiya uku, har gomiya tara. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin har tis'in daga Larabci suka shigo, ta bakin malamai da fataken Sahara, tare da metan (200), arbaminya (400), hamsaminya (500) da alfyan (2,000). Zangu da zambar muna tarayya da Zabarmanci, inda har yau suke nufin ɗari da dubu. Jakar wuri 20,000 ana ce mata keso. Akwai kuma ƙidaya ta ragi: ashirin ba biyu, ɗari gaira ɗaya. Wanda ke ƙidaya tsibi-tsibi ya fi saurin ganin abin da ya rage tsibi ya cika. Duk wanda ya ƙirga daga ɗaya zuwa miliyan da Hausa ya ratsa ta kasuwar Katsina da zauren malam da kantin Nasara.

Dole a faɗi wani abu mara daɗi. Da yake wuri na da nauyi, manyan ciniki da harajin sarakuna sau da yawa da bayi ake biya. Lissafin nan da muke yabo ya ƙidaya mutane kamar yadda ya ƙidaya goro.

Daga wajejen 1845 ƴan kasuwar Hambag ta Jamus suka dinga jido wani irin wuri mai araha daga Zanzibar, suna saukewa jirgi-jirgi a bakin tekun Ikko. Wuri ya yi yawa, darajarshi ta zube. Kafin ƙarshen ƙarni, dala ɗaya a Kano na cin kusan ninki biyu na abin da Barth ya gani. Faɗuwar kuɗɗi ba yau ta fara zuwa kasuwanninmu ba.

Dala, tamma, sule

Dalar da Barth ke magana, mafi shaharar irinta azurfa ce ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk wadda aka buga bayan nan 1780 ake sa mata, don ƴan kasuwa daga Habasha har Borno ba su yarda da wata ba. Nauyinta giram 28. Sunanta na Jamusanci, tala, shi bakinmu ya mai da dala.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano da Sakkwato a 1903. Kowanensu ya zo da kuɗɗinshi, ya ce da su za a biya haraji. Faransawa na da azurfa ta faran biyar mai giram 25, kusan girman tsohuwar dala. Sai ta gaji sunan. Faran ɗaya aka ce mashi tamma. Daga nan ƙidayarmu ta yau ta samo tushe: dala faran biyar, jikka dala 200, wato faran 1,000. A ganina hannun da ya saba jan wuri biyar-biyar yana tsibi na 200 da na 1,000 bai sha wuyar karɓar wannan tsari ba. Ba mu kaɗai ba ne: Zabarmawa na ƙidaya da dala, Bambara da Wolof na yin haka da kalmar da suka samo daga dirhami.

A kudu kuwa Ingilishi sun hana shigo da wuri a 1904, suka kawo fam da sule da kwabo. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Sisi kwabo shida, taro kwabo uku, anini ɗaya bisa goma na kwabo. Rabin kwabo aka ce mashi ɗari, don wuri ɗari yake ci. Jakar da banki ke ɗaure fam 100 a ciki ta zama jaka. Da Najeriya ta koma naira ran 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sai jaka ta zama naira 200.

Ku duba abin da ya faru da kalmomi uku. Dala a Maraɗi sefa biyar ce, a Katsina kuɗɗin Amurka ce. Jikka nan sefa 1,000, can naira 200. Ɗari nan sefa 500, can naira 100, wurin kakanninsu rabin kwabo. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba.

Layin da aka ja

Iyakar kanta lissafi ce, amma na wasu. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi, bakin Kwara, zuwa Barwa, bakin tabkin Cadi. A 1898 suka ɗora tsinken kamfas a Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100. Faransawa suka ga hanyar da aka bar masu daga Kwara zuwa Damagaram ba rijiyoyi, suka nemi gyara. Aka sake zama a 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu, waɗanda mutanen karkara suka sa wa suna tangaraho. Layin ya kai kusan kilomita 1,500. Maraɗi da Tsibiri da Tasawa da Ƙonni suka faɗo arewa, Katsina da Daura da Sakkwato suka faɗa kudu.

Abin da masu zanen ba su lissafa ba shi ne iyaka na haifar da ciniki. Muddin farashi biyu ne, kuɗɗi biyu, haraji biyu, to akwai riba tsakani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama sarauniya, ta Maraɗi da Magarya ta dinga gangarawa Kano. A 1953 Faransawa suka buɗe wani shiri na juya kayan Nijar ta Dahome, bayan ƴancin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗa. Cikin wannan harka aka samu dillalai ƴan ƙasa da suka koyi aiki a kantunan Turawa, suka tara jari, suka zama alhazan Maraɗi. Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya toshe wa arewacin Najeriya wasu hanyoyinta na kudu, alhazai suka cike giɓin. Da farin 1973 da 1974 ya kashe gyaɗa, sai suka koma tiransi: a sauke taba da atamfa da shinkafa a Kwatano, a hau da su Maraɗi, a tsallaka da su Najeriya. Daga can kuma esansi da taki da kayan masana'anta su hauro. Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan nan a 1986. Da yawansu ba su taɓa zama bencin lakol ba, allo suka yi, amma suna juya miliyoyi cikin kuɗɗi iri uku.

Rufe da buɗe

An ƙirƙiro sefa a Disamba 1945, tana ɗaure da faran na Faransa, daga 1999 kuma da yuro, a kan 655.957. Naira kuwa tana hawa da sauka da man fetur da siyasar Najeriya. Tsakanin kuɗɗin da aka ɗaure da wanda ke yawo, nan ƴan canji suka kafa teburinsu.

A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza launin naira ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta faɗo daidai da fari, hatsin kudu bai hauro ba. Mutanen karkara suka sa wa yunwar suna El Buhari, wato ƴar Buhari. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, dare ɗaya lissafin kowane ɗan kasuwa ya kife. A Agusta 2019 Najeriya ta sake rufewa saboda shinkafa da esansi, har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta, sai Maris 2024 aka buɗe. Kowane karo manyan motoci sun tsaya, babura da amalanke sun bi daji, talaka ya biya bambancin a farashin tiya.

A 1980, a farashin hukuma, naira ɗaya ta fi dala arba'in. A 2024 jikka ɗaya ta haura naira 2,000. Duk wannan juyi ɗan canji na bin shi kullum safiya. A ce yau jikka na kan naira 2,500. Mace ta taya kwanon hatsi a Jibiya, aka ce naira 1,500. Kafin mai hatsi ya rufe baki ta san ɗari da ashirin ne, wato sefa 600. Ta yi abin da littafin lakol ke kira ƙa'idar uku, ta kuma raba da biyar. In an tambaye ta sai ta ce ba ta yi karatu ba.

Abin da ya rage gare mu

An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Rubuta doka abu ne mai sauƙi. Ranar da mushe zai tsaya gaban tablo ya koyar da kasafi da Hausa, ranar ce za a san ko mun shirya.

Matsala ta farko tana bakin yaron kanshi. A gida ɗari na nufin 500 in kuɗɗi ne, 100 in awaki ne. In littafi ya yi kamar bai san da haka ba, yaro zai ruɗe, a ce kanshi ba ya ja. In kuwa aka fito da dala fili aka koyar da ita, yaron ya shigo aji da jadawalin biyar a aljihu, kuma ya riga ya san lamba ɗaya na iya samun suna biyu.

Ta biyu ita ce kalmomi. Kafin mu zauna ofis mu ƙaga sababbi, mu fara tattara waɗanda ke akwai. Suna bakin ƴan canji da masu awon hatsi, suna wurin malaman da ke rabon gado da sumuni da sudusi da rubu'i, suna wurin tsofaffin da suka san hauya da keso. Kowace shekara ana binne wasu daga cikin masu su. Wanda zai tafi hutu Ƙonni ko Magarya ko Madawa ya tafi da kaye, ya rubuta yadda ake faɗin farashi, da sunan garin da shekarun mai maganar. Ƴan'uwanmu masu Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci su yi haka a nasu, mu kwatanta.

Ta uku, kada mu ruɗi kanmu da yabon kasuwa. Saurin lissafin ɗan canji ba zai gina gada ba, ba zai warware tambayar 1984 ba. Wannan na son hujja, da haƙurin zama kan tambaya ɗaya wata da watanni, irin zaman da Bakatsine ya yi. Shi da Larabci ya rubuta, don shi ne harshen ilimi na zamaninshi. Rubuta hujja da Hausa aiki ne da ke jiran ƴan lissafi da ƴan ilimin harsuna su zauna tabarma ɗaya.

Ga abin farawa. Ku zana hatimi mai gida biyar-biyar, ku cika shi da 1 zuwa 25 ta hanyar da aka bayyana a sama. Kowane layi zai ba da 65. Sannan ku rubuta da Hausa, cikin jimloli cikakku, dalilin da ya sa dole 65 ne ba wata lamba ba. Wanda ya gama ya kawo wa ƙungiya, mu karanta tare a zama na gaba.

Allah ya ƙara mana basira.